Amanar da ke cikin kwamfuta

Masu saurare a Parakou da Djougou,

Yau da 'yan kwamitin gudanarwa nake magana, na bankuna da na asusun ajiya irin su CLCAM. Kuɗin matan kasuwar Arzeke yanzu a kwamfuta suke kwana. Ɓarawo kuwa ya sauya salo. Da ƙirƙirarriyar basira zai kwaikwayi muryar manaja, ya kira akawu, ya ce a tura kuɗi.

Benin na da dokar dijital tun 2018. Amma amanar a wuyanku take, ba a wuyan yaron kwamfuta ba.

Don haka ku tambaya. Wa ke tantance umarnin biya? Wa za a kira in an yi kutse? Ku tambaya a kowane zama.