Wayar da Za Ta Yi Ƙarko

Manomin Rimin Gado da ya sayar da buhun masara domin ya mallaki babbar waya, lalle ya yi tadabburi kafin ya nufi kasuwar Farm Centre a Kano, domin a ƙauyen da sai an kai caji shago, ƙarfin batir ya fi adon kyamara fa'ida. Ya nemi ma'aji mai yalwa, da samfurin da masu gyara ke da gilashinsa, kamar Tecno ko Itel. Sa'an nan ya binciki shekarun manhajar, gama tun Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a Android da bai kai 5.0 ba, alhali wayoyin lafiyarsu ƙalau. A gwada a gaban mai shago, a karɓi rasit.