Ƙuri'a Rance Ce, Ba Kayan Sayarwa Ba

Jama'ar Gaya da Ajingi, maza da mata, manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali, a bakin masallaci da cikin gida, domin maganar ta kowa ce.

Ku tambayi dattawanku yadda talaka yake a zamanin En'e. In kaka ta yi, kafin mutum ya kai hatsi rumbu, mai karɓar haraji yana ƙofar gida. Bafulatani kuma a ƙirga masa shanu a ce jangali. Wanda ya kasa biya ya sayar da akuya, ko ya gudu ci-rani, ko ya sha wulaƙanci a hannun 'yan doka. Tun 1950 da aka kafa NEPU, Malam Aminu Kano da mutanensa suke faɗa da wannan zalunci, aka yi ta ɗaure su. Me ya kawo ƙarshen abin? Ƙuri'a. A 1979 talakawan Kano suka zaɓi PRP, Gwamna Abubakar Rimi ya hau, ya soke haraji da jangali. Ba bindiga, ba takobi. Takarda ce 'yar ƙarama iyayenmu suka jefa a akwati.

Ku kuma iyayenmu mata, ku tuna sai a 1979 ɗin nan matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa, bayan su Hajiya Gambo Sawaba sun sha duka da ɗauri a kan haka. Yau a ce za a saye wannan 'yanci da taliya da sabulu da turmin atamfa? Haba jama'a!

To mu yi lissafi. A ce ranar zaɓe an danƙa maka naira 5,000. Wanda ka zaɓa zai yi shekara 4, wato kwana 1,461. Ka ga kenan ka sayar da bakinka a kan abin da bai kai naira 4 ba kowace rana. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san kuɗin mota zuwa Wudil da farashin buhun taki. Naira 4 za ta saya maka me? Kuma wanda ya saya ya biya, ba ka bin sa komai. In ka je neman haƙƙinka, sai ya ce ai mun gama ciniki tun a layi.

Ni dai a ganina ƙuri'a rance ce. Ka ba mutum, bayan shekara 4 ya zo ya biya da aiki. In ya biya ka ƙara masa, in ya ci ka karɓe abinka. Ƙasar nan ta san haka. Ɗanku Kabiru Gaya ya yi gwamnan Kano daga 1992 zuwa 1993, ya yi sanata daga 2007 zuwa 2023, sannan masu zaɓe na Kano ta Kudu suka miƙa kujerar ga Kawu Sumaila. Ba yabo nake ba, ba zagi ba. Ina nuna muku ne hannun da ya ɗora shi ne mai saukewa.

Kada kuma ku raina ƙananan kujeru. A 2019 Majalisar Dokokin Jiha ta yi doka, Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya. A 2024 majalisa ta soke dokar, ta dawo da masarautar a daraja ta biyu. Ko kana murna ko kana haushi, masu ɗaga hannu a zauren nan ku kuka tura su. Haka nan a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. Hukunci a takarda daban, rijiyar burtsatse a ƙauyenku daban. Sai kun tambaya.

Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo, ku shimfiɗa masa tabarma, ku ba shi ruwa, sannan ku tambaye shi. Taki zai iso kafin shuka ko sai an yi huɗa? Asibitinmu akwai magani da ungozoma cikin dare? Makarantar yaranmu malami nawa ne? Wanda ya taɓa riƙe kujera, ya nuna aikin da za a taɓa da hannu.

Samari, kada wani ya ba ku ƙwaya da gora alhali 'ya'yansa suna makaranta. Ku adana katin zaɓe kamar yadda kuke adana iri. Ranar zaɓe ku fito da sassafe, ku dangwala, ku tsaya har a ƙirga a gabanku.

Allah ya ba mu damina mai albarka da shugabanni masu tsoronsa. Amin.