Kafin Ka Sayi Adaftar Kwamfuta a Jibiya

Daga Magama ta Jibiya zuwa Ɗan Isa ta Nijar tafiya ce kaɗan, amma soket ɗin bango ya bambanta. A Najeriya mai ƙafa uku irin na Ingila muke amfani da shi. A Nijar mai ƙafa biyu irin na Faransa ya fi yawa. Ƙarfin wutar kusan ɗaya ne, bolt 220 zuwa 230, don haka ɗan kasuwa ko ɗalibi mai zirga-zirgar Maraɗi da kwamfutarsa, adaftar soket ta ishe shi.

Inda jama'a ke tafka asara shi ne wajen sayen adaftar kwamfuta, wato na'urar da ake jonawa a kafar USB-C don ƙara wa kwamfuta kafofi. Ba kowace kafar USB-C ke fitar da hoto ba. In tana aiki da Thunderbolt ko DisplayPort, za ta kai hoto talabijin ta HDMI; in ba haka ba, caji da ɗaukar fayil kawai za ta yi. Tsofaffin majigi kuwa, VGA suke karɓa.

Sai batun caji. Na'urar kan ci wat 10 zuwa 15 don kanta, saboda haka kwamfuta mai buƙatar wat 65 a nema mata caja mai wat 100. Igiyar caji ma a lura da ita, don ta gama-gari iyakarta wat 60.

Ɗan'uwa, arha ba ta ado. Ɗauki kwamfutarka zuwa shago, a jona na'urar a gabanka, ka ga hoto da caji da idonka, sannan ka biya.