Inabi Tsakanin Duwatsun Azbin da Jigawar Kongolam



Titin nan da ya ratsa Kongolam, in ka tsallaka Ɗan Barto ka wuce Matamaye da Damagaram, Agadas zai kai ka. Ka ƙara fiye da kilomita 200 cikin duwatsun Azbin, sai ka gangara kwarin Timiya. Ruwan da ke sauka a can a shekara bai kai milimita 200 ba, amma Buzayen wurin suna noman lemo da rumman da dabino, har da inabi. Mu a Kongolam da ke samun wajen milimita 600 kuwa, inabi sai dai mu saya a tire. Me ya sa?

Amsar farko tana cikin dare. Timiya ta haura mita 1,000 daga teku. Da rana zafi yake tara zaƙi a cikin 'ya'yan, da dare kuma sanyin dutse ya hana ɗan tsaminsu ƙonewa, ya fito da launi. Inabin da ya kwana cikin zafi salam yake, zaƙi ba armashi. Manoman Faransa, da suke matse nasu su yi giya, sun yi ƙarnuka suna nazarin wannan. Mu na ci muke nema, amma itacen ɗaya ne.

Sai ƙasa. Lambunan Timiya suna gefen ƙorama, a kan yashi da tsakuwar da ambaliya ke kwasowa daga duwatsu. Ruwa ba ya kwanciya, kuma saiwar inabi ba abin da ta ƙi kamar kwanciyar ruwa. Daga rijiya ake ba inabin ruwa, da raƙumi a da, yanzu har da inji, daidai gwargwado. A nan nake saɓa wa masu cewa jigawarmu ba ta haifar komai sai gero da wake. Lokacin da ƙwaron filoksera ya cinye gonakin inabin Faransa tun daga shekarun 1860, waɗanda ke kan rairayi ne suka tsira, don ƙwaron ba ya iya rayuwa a ciki. Namu rairayin taki yake so, da tsaro daga gara.

Damina ita ce abokiyar gabar inabi. Lema tana kawo fumfuna a ganye, tana fasa 'ya'ya in sun kusa nuna. Manoman Kudan, kusa da Zariya, inda ruwa ya kusa ninka namu, sun gane dabarar: a datse rassa bayan ruwa ya ɗauke, fure ya fito cikin hunturu, a tsinka da rani. Mu da daminarmu ta fi gajarta, wannan sauƙi ne a gare mu.

Wahalarmu bazara ce. Ba mu da dutsen da zai ba mu sanyin dare duk shekara. Abin da muke da shi Disamba ne da Janairu da ɗan abin da ya taɓa Fabrairu. Daga datsa zuwa tsinka wata huɗu ne zuwa biyar. Wanda zai gwada a bakin madatsar Sabke, ya datse a Oktoba. In ya bari sai Disamba, nunar za ta faɗa cikin Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, 'ya'yan su yanƙwane tun suna kan reshe.