Galahanga da Karen Gida

A Bagudo, Illo da Lolo, kusa da iyakar Benin, akwai yaran da ba sa haɗa ido da mutane, magana na yi musu wuya, ƙara na firgita su. Mai yiwuwa galahanga ce, a daina ɗora wa aljanu. Irin waɗannan yara kan sulale daga gida, ruwa na jan hankalinsu, ga kogin Neja kusa. A Amurka ana horar da karnuka don tsaron irin waɗannan yara. A nan ma karen gadi da ya saba da yaro zai iya taimakawa, muddin an yi masa rigakafin haukan kare. Amma idon iyaye ne gaba. Ku kai yaron asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a duba shi.