Tsabtar Kejin Zomo, Tsaron Jarinmu

Da na kwashi adashi, zomaye na saya a kasuwar Talata Mafara. Daminar farko zawo ya kashe mini 'ya'ya 6, saboda na bar kashi da fitsari sun taru a keji. Wallahi na yi kuka.

Yanzu kullum da safe nakan share, in wanke kwanon ruwa, in barbaɗa toka a ƙarƙashi. Cikin zomanya kamar kwana 31 ne. Saura kwana 3 sai in sa mata akwati da busasshiyar ciyawa. In ta haihu, ciyawar da ta jiƙe kaɗai nake cirewa, gashin da ta tsige kuwa bargon 'ya'yanta ne. Mu kula, da zomayen nan za mu yi zubi.