Mu Ɗauki Garinmu Kafin Ya Sauya



A shekarar 1963 marigayi Usman Sembene na ƙasar Senegal ya fitar da gajeren fim mai suna Borom Sarret. Ba labarin sarki ya bayar ba. Wani mai keken doki ya bi a titunan Dakar, tun fitarsa da safe har aka ƙwace keken, ya koma gida hannu wofi.

Wannan salo ne na gwada kwaikwayo. Da na zo hutun Sallah, sai na nemi izinin wani dattijo maƙeri, na bi shi wuni guda da wayar hannu. Hannuna ya yi ta rawa, iska ta ɓata sauti, amma muryarsa da ƙarar masaba sun shiga. Kafin damina, Allah Ya yi masa rasuwa. Yau wannan fim kaɗai jikokinsa ke kallo su gan shi yana aiki.

'Yan'uwa, da babu gara ba daɗi. Duk wanda ya zo gida bana, ya ɗauki marini ko masaƙi ɗaya, ƙungiya ta adana.

Allah Ya ja kwanan iyayenmu.